Amsar murya: batun ƙara wa mota ƙarfi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce ka sayi motar gudu mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, irin wadda tayoyin baya ke turawa, hannunka bai daɗe da faɗawa a tuƙi ba, kuma an ba ka shawara ka kai a taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato a sauya saitin kwamfutar inji, don a ƙara mata ƙarfi. Kana tambaya da me za ka fara. To ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ni ba zan ce kar ka yi ba, motarka ce. Amma a wurina inji shi ne na ƙarshe a layi. Bari ka ji lissafin. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, duk daƙiƙa ɗaya kana cinye kusan mita 28. In ka ninka gudu, tazarar da birki yake bukata kafin mota ta tsaya sau huɗu take ninkuwa. Ko daga 100 zuwa 140 ka hau, tazarar ta kusa ninkuwa biyu. Kuma abin da masu aikin ba sa faɗa maka, in aka ƙara wa inji kashi 20 cikin ɗari na ƙarfi, ƙarshen gudun da zai ƙaru bai wuce kamar kashi 6 ba, saboda iska ce ke cinye sauran. Abin da za ka samu da gaske shi ne fizga, kuma fizgar nan ita ce ke ka da sabon direba.

Ka ga yadda abin yake faruwa. Ka shiga kwana, kwalta da ɗan danshi, ka taka totur kafin sitiyari ya miƙe. Turbo ya cika, ƙarfin ya zo gaba ɗaya, tayoyin baya suka saki ƙasa, bayan motar ya fara zagayowa. A tsorace sai ka ɗage ƙafa lokaci guda ko ka danna birki, nauyi ya koma gaba, baya ya ƙara yin sakayau, sai ta watsa ka ɗaya gefen. Duk wannan kafin ka gama salati. Shi ya sa nake roƙonka, maɓallin nan mai hoton mota tana zamewa, na na'urar ESC mai taimakawa wajen hana mota zamewa, ka bar shi a kunne. Ba ado ba ne. Tun daga motocin 2012 Amurka ta wajabta shi, Tarayyar Turai ma ta wajabta wa duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Yara suna kashe shi wai don su ji mota, Allah dai ya kyauta.

To da me za ka fara? Taya. Inda kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannunka ba, kuma ta nan duk ƙarfin da birkin suke bi. Ka duba gefen tayar, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Taya tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta bushe ta yi tauri. Zanen kuma in ya kai milimita 1.6 ya ƙare, ni ma ba na jira ya kai nan. Huɗun su zama iri ɗaya, iska kuma a auna da sanyi.

Sai birki, musamman man birki, wanda kowa ke mantawa da shi. Yana shan danshi a hankali. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Ranar da ya tafasa, za ka taka ka ji feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. A canza shi duk shekara biyu, a duba takalman birki da shakazoba.

Bayan nan ka kashe kuɗi a kanka. Ka nemi filin tsere ko makarantar da ake koyar da riƙe mota in ta zame, malami yana gefenka. A can ake gwada irin wannan, ba a titin da mutane ke tsallakawa ba. Ina mai tabbatar maka, motar a yadda kamfani ya fito da ita ma ta fi ƙarfin hannunka yanzu.

In lokacin inji ya zo, a fara gyara abin da ke ciki: fulogi, baƙin mai, lagireto, duk wani yoyo. Taɓa ƙwaƙwalwa yana ƙara matsin iskar turbo, matsi kuma zafi yake kawowa. In mai ya yi kaɗan a haɗin, ko fetur ɗin bai kai ingancin da aka saita a kai ba, wuta za ta riƙa tashi ba a kan lokaci ba, fistin ya ci duka har inji ya buga. Kuloci ma yakan fara zamewa. Saboda haka mataki mafi ƙanƙanta za ka yi, wurin wanda zai ɗora ta a na'urar gwaji ta dyno ya nuna maka sakamako kafin aiki da bayansa, kuma ya ajiye maka saitin kamfani. Wanda ya ce fayil ɗaya yake zuba wa kowace mota, ka ja jikinka. Salansa mai ƙara kuwa, yawanci kunnen maƙwabta kawai take cika.

Af, kar na manta: ka sanar da kamfanin inshorarka, don in suka gano sauyin da ba a faɗa musu ba suna iya ƙin biya, garantin inji ma yakan tafi.

Yanzu dai ka ɗauko min hoton gefen tayoyin huɗu da murfin man birki, ka turo nan mu gani tare. Sai na ji ka.