Tiyatar rage ƙiba: abin da za a tambaya kafin a biya kuɗi

Nauyina kilo 118 ne, tsayina mita 1.62, ina da ciwon suga da ƙwannafi mai tsanani. An ba ni zaɓi tsakanin tiyata iri biyu, silib da baifas, kuma silib ta fi araha. Wacce zan ɗauka? (Wata Hajiya daga Kano)

Hajiya, ma'aunin BMI ɗinki, wato nauyin jiki idan aka kwatanta shi da tsayi, ya kai 45. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022 ta amince da tiyata daga 35 zuwa sama, ko daga 30 ga mai ciwon suga. Kin cancanta ke nan, saura zaɓi.

A silib ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ke samar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa kwaɗayin abinci ke raguwa. A baifas kuwa ana ware 'yar jaka a saman tumbi, wadda ba ta wuce ɗaukar mililita 30 ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji.

Ƙwannafin nan naki shi zai raba gardama. Silib tana ƙara matsi a cikin tumbi, sau da yawa takan tsananta ƙwannafi, har wasu sai an sake yi musu aiki an mayar da ita baifas. Ita baifas takan kwantar da shi, kuma ta fi tasiri a kan suga. Don haka arahar silib ba araha ba ce a wurinki. Ki nemi a leƙa tumbinki da kyamara kafin a yanke shawara. Sai dai baifas na da nata sharaɗin: ba ke ba ibuprofen ko diclofenac, domin suna jawo gyambo a mahaɗar, kuma ƙarancin jini da na bitamin ya fi yawa a cikinta.

Wani dillali ya turo mini farashin Turkiyya, har da otal da mota daga filin jirgi, kwana biyar in dawo gida. In biya? (Wani Malam daga Kaduna)

Malam, dakata tukuna. Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne, amma kulawar da ke biye da shi ta shekaru ce, kuma ita ce ba a cika sa wa a cikin farashin ba. Ko Turkiyya ce, ko Indiya, ko Masar, ko asibitin kuɗi a Legas, ka nemi amsar waɗannan a rubuce: sunan likitan da zai yi aikin da yawan irinsa da yake yi a shekara, ko asibitin na da sashen kulawa ta musamman, da wanda zai biya idan aka sake shiga da kai ɗakin tiyata. Ka yi magana da likitan da kansa kafin ka saki ko sisi. Wanda bai tambaye ka magungunan da kake sha ba, bai ce ka bar sigari aƙalla mako shida ba, bai kuma ɗora ka a kan abincin rage kitsen hanta na mako biyu kafin aiki ba, ciniki kawai yake yi.

Kwana biyar ya yi kaɗan. Yoyo a layin ɗinki yakan bayyana a kwanakin farko zuwa mako biyu, ga kuma haɗarin daskarewar jini a ƙafa idan aka daɗe zaune a jirgi. Ka shirya zaman kwana goma ko fiye. Bugun zuciya sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take, ba kemis ba. Ka dawo da rahoton aikin da Turanci, kuma tun kafin ka tashi ka samu likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba ka.

An sa mini rana. Me zan saya in ajiye, kuma me zan riƙa ci? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Na'urar markaɗe, rariya, ƙaramin kofi mai awo, ƙaramin cokali, da faranti irin na yara. Kada ki ɗinka sababbin kaya yanzu, wata uku ba za su yi miki ba.

Mako biyun farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kaza da aka tace aka kwashe mai, madara marar kitse, kindirmo da aka dama ba sukari. Mako biyu na gaba abin da aka markaɗa, irin su kifi, wake da aka surfe, da alale mai laushi. Daga nan sai mai taushi, sannan abinci sosai wajen mako na shida zuwa takwas. Tuwo, burodi, shinkafa, tsire da kilishi su ne na ƙarshen dawowa, domin sukan tokare a ƙirji su sa amai.

A kullum kina buƙatar furotin giram 60 zuwa 80. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, dafaffen naman kaza giram 100 kuma yana ba da kusan 30, don haka ki fara da nama ko kifi ko awara kafin komai ya shiga. Ruwa lita ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi, kuma ki bar tazarar minti 30 tsakaninsa da abinci. Lemon kwalba mai gas ki manta da shi. Fura, kunu da zoɓo masu sukari suna wucewa salin-alin ba tare da kin ji ƙoshi ba, ta nan ƙiba ke dawo wa mutane da yawa. Ga mai baifas sukan sa zufa, jiri, bugun zuciya da gudawa jim kaɗan bayan an sha.

Bitamin kuwa har ƙarshen rayuwa ne, ki sa shi a lissafin wata: haɗaɗɗen bitamin kullum, kalsiyam nau'in sitiret miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rarrabe, bitamin D, B12 (sau da yawa allura ce duk wata uku), da maganin ƙarin jini ga mai al'ada. A raba maganin jinin da kalsiyam da awa biyu, in ba haka ba ɗaya zai hana ɗaya shiga jiki. Ki duba lambar NAFDAC. Gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara. Gashi yakan zube tsakanin wata uku zuwa shida, yana kuma tsirowa. Amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki shi ne abin tsoro, domin yana ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Zan iya azumi, kuma yaushe zan iya ɗaukar ciki?

A watannin farko a'a, domin tumbin ba zai ɗauki ruwan da zai ishe ki tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Marar lafiya na da rangwame, ki haɗa bayanin likitanki da na malami. Ciki kuma a jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya. Haihuwa takan buɗe da wuri da zarar ƙiba ta fara sauka, ko ga wadda ta daɗe tana nema, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ba abin dogaro ba ce bayan baifas. Ki tattauna da likita a kan robar hannu ko ta mahaifa tun kafin ranar aiki.