Na ƙara nisan gudu, gwiwa ta fara ciwo: in daina ne ko in ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina gudun dogon zango, kilomita 25 a mako. Wata guda da ya wuce na mayar da shi 45, na haɗa da hawa da gangaren tudu. Yanzu gaban gwiwata ta dama na ciwo, musamman in ina saukowa daga bene ko na daɗe a zaune. Ban faɗi ba, babu kumburi. In ajiye gudun ne gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Alamun da ka zayyana sun fi kama da ciwon ƙoƙon gwiwa, inda ƙoƙon ke zamewa a kan ƙashin cinya. Da ciwon a gefen waje ne, da mun zargi doguwar jijiyar da ta sauko daga ƙugu; da kuma a ƙasan ƙoƙon ne, wurin da za ka iya ɗora yatsa ɗaya, da mun ce jijiyar da ta haɗa shi da ƙwauri ce. Tabbaci dai sai an duba ka.

Sanadin yana cikin tambayarka. Zuciya da huhu suna sabawa da sabon aiki cikin 'yan makonni, jijiya da guringuntsi kuwa sai sun ɗauki watanni. Numfashinka ya isa kilomita 45, gwiwar ba ta kai ba tukuna. Ga shi ka haɗa sauyi biyu lokaci guda, kuma gangare ya fi komai matsa wa ƙoƙon gwiwa, domin tsokar cinya ce ke taka burki a kowane taku.

Kada ka kwanta gaba ɗaya, tsoka za ta saki, ciwon ya dawo ranar da ka koma. Ka sauko zuwa kilomita 15 ko 20 a mako, a shimfiɗaɗɗen wuri, kana tsallake rana. Tudu ya dakata. Ka riƙa auna zafin daga 0 zuwa 10: in bai wuce 3 ba, ba ka ɗingishi, kuma ya lafa cikin awa 24, nauyin ya yi daidai. In ka tashi da safe gwiwar ta fi jiya ciwo, ka wuce gona da iri, sai ka ƙara ragewa. Ka cike giɓin da ninƙaya ko keke, amma ka ɗaga sirdin, domin sirdi mai ƙasa yana lanƙwasa gwiwa sosai ya ƙara ciwon.

Maganin gaske shi ne ƙarfafa cinya da ƙugu, sau uku a mako. Jingina bayanka da bango, ka ɗan tsuguna rabi, ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45, sau biyar. Sannan ka tsaya da ƙafar mai ciwo a kan matakala mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ka sauke ɗayar a hankali har diddige ya taɓa ƙasa, sau 10, zagaye uku. Yi shi gaban madubi. In ka ga gwiwar na karkatowa ciki, tsokar ƙugu ce ta gaza, nan ne aikin yake. Ka kwanta a gefe kana ɗaga ƙafar da ke sama a miƙe, sau 15. Ka ba shi mako 6 zuwa 12. Da yawa sukan bari da zarar zafi ya lafa, shi ya sa yake dawo musu.

Wajen gudu, gajarta taku. Ƙirga takunka na minti ɗaya, ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba tare da ƙara sauri ba. Hakan yana rage nauyin da ke sauka a kan ƙoƙon. In sauƙi ya samu, ka riƙa ƙara abu ɗaya kacal a mako, nisa ko sauri ko tudu, kaɗan-kaɗan.

Ƙanƙara a cikin tawul na minti 15 tana kwantar da zafi. Amma don Allah kada ka sha maganin rage zafi na ibuprofen domin ka samu ka yi gudu: yana rufe maka gargaɗin da gwiwa ke yi, kuma in ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki yana iya taɓa ƙoda.

In gwiwar ta kumbura, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko tana lanƙwashewa ƙarƙashinka ba zato, ko ciwon na tashinka cikin dare, ko ta yi zafi tare da zazzaɓi, ka ga likitan ƙashi ba da jinkiri ba. Haka ma in ka yi mako shida kana bin wannan tsari babu canji.