Ina zan samu likitan dabbobi a Zariya ba tare da kuɗina sun ƙare ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Tudun Wada nake zaune. Muna da kyanwa a cikin gida, maigida kuma ya kawo ɗan kwikwiyo saboda gadi. Wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya ce zai riƙa yi musu allura da araha. In amince masa ne? Kuɗin asibiti nake tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai sayar da magani daban, likita daban, kuma wanda ke Zariya bai kamata ya sha wahalar neman likitan dabbobi ba. A cikin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi, ana duba karnuka da kyanwoyi, kowa ma na iya kai tasa. Akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Duk wanda kika samu, ki tambaye shi ko yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wato VCN. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abin da ya sa na ƙi miki allurar kasuwa shi ne sanyi. Allurar rigakafi sai a firji take rayuwa. Kwalbar da ta wuni a kan teburi cikin zafin watan Afrilu tana iya tashi daga aiki, ko da ruwan yana nan yadda yake. Kin biya, kin saki jiki, kwikwiyon kuwa ba shi da kariya.

An taɓa kawo min wani a cikin kwali, an shimfiɗa masa tsohon zani, idanunsa sun zurma, yana gudawar jini mai ƙarni. Cutar fabo ce, wata muguwar cutar hanji mai kama 'yan kwikwiyo. Mai shi ya rantse an yi masa allura, amma babu kati, babu sunan magani. Kwana huɗu muka yi muna ƙara masa ruwa. Ya tashi, alhamdulillah, amma abin da aka kashe ya ninka kuɗin rigakafin sau da yawa.

Don haka ki fara da kwikwiyon. Allurar farko yana da sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara, kuma har da kyanwar, domin ita ma tana ɗauka. Wannan kam ba ta ciniki ba ce, lafiyar yaranki ce: cutar in ta bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. In an ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti nan take. Maganin tsutsar ciki, in sun girma, duk wata 3 ya wadatar.

Batun kuɗi kuwa, ki tambayi farashin kati da na allura tun kafin a fara, ki kuma karɓi katin rigakafi ki adana. Ki riƙa ware ɗan abu duk wata kamar zubin adashe. In maƙwabta na da karnuka, ku haɗu ku kira likita rana guda, ku raba kuɗin motarsa. Ki kasa kunne wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, don a kan yi rigakafi kyauta a wasu wurare.

Ina roƙonki, kada ki ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada kuma a shafa wa kwikwiyon fiya-fiya ko baƙin mai don kaska. Wani maganin kaskar kare ma guba ne ga kyanwa, sai ki nuna wa likita kwalbar kafin ki taɓa ta da shi.