Kayan da ba ka san cikinsu ba, kada su zo da sunanka

Wani ƙanenmu da ke aiki a Italiya ya rubuto mini. Mutumin da ya sauke shi lokacin da ya iso, ya kuma nema masa aiki, shi ne yanzu yake roƙon a aiko da wani kwali daga Tanzaniya da sunansa da adireshinsa. Ya yi masa alkawarin kuɗi masu kauri, amma ya hana shi tambayar abin da ke ciki. Yaron yana jiran a sabunta masa takardar zama, yana kuma jin nauyin ya ce a'a.

Ƙanena, ka ce a'a. Ka faɗa yau, kada ka bari sai kaya sun taso.

Sunan Tanzaniya da ka ambata shi ya fi tayar mini da hankali. Shekaru da dama Afganistan ce ke noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ofiyom ɗin duniya, wanda da shi ake haɗa hiroyin. Wani kaso yana bi ta Iran da Turkiyya ya shiga Turai ta ƙasashen Balkan. Wani kuma a gaɓar tekun Makran, a kudancin Iran da Pakistan, ake loda shi cikin jiragen ruwa na katako, a sauke a Kenya ko Tanzaniya ko Mozambik, sannan a rarraba shi ƙanana-ƙanana ta jirgin sama da ta gidan waya. Taliban ta haramta noman a Afrilun 2022, ya ragu da kusan kashi 95 cikin 100 a 2023, har Myanmar ta koma kan gaba. Amma hanyoyin suna nan, masu su kuma kullum neman suke su sami mai suna mai tsabta irinka, wanda 'yan sanda ba su taɓa rubutawa ba.

Ka san yadda ake kamun? Idan kare ko na'urar kwastan ta gano abin, sau da yawa ba a tsare kwalin. Barinsa ake yi ya ci gaba da tafiya ana biye da shi, dabarar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta amince da ita. Mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa, ka fito da silifas, ka sa hannu a takarda, kafin ka juya an cika ƙofar. A lokacin mai gidan naka yana can wani gari, wayarsa a kashe, kuma babu sunansa a ko'ina. A dokar Italiya ta 1990, safarar irin wannan ƙwaya ɗaurin shekara 6 zuwa 20 ne, kuma hukuncin yana cikin laifukan da ke hana sabunta takardar zama. Ka gama zaman kurkuku, a rako ka filin jirgi.

Na san za ka ce ai ba ka san abin da ke ciki ba. Akwai wani matashi ɗan Najeriya, ɗan ƙwallo, da aka kama a filin jirgin Changi na Singafo a 2004 da hiroyin fiye da giram 700. Ya ce an gaya masa maganin wani mara lafiya ne. An rataye shi a Janairun 2007, domin a can abin da ya haura giram 15 ya isa kisa. A Afrilun 2015 Indonesiya ta harbe mutum takwas, cikinsu har da 'yan Najeriya, kan laifin ƙwaya. Ina tuna waɗannan yaran duk sa'ad da wani ya ce mini "saƙo ne kawai".

Batun alheri kuwa, gaskiya ne ya yi maka, kuma ban ce ka manta ba. Idan ya kwanta ciwo ka je, idan ya shiga matsi ka taimaka da abin da ke aljihunka. Amma wanda ya ajiye nasa sunan ya nemi naka, ya san abin da yake gudu. Ka gaya masa cikin ladabi: "Yaya, takarduna suna hannun hukuma, ba zan iya karɓar kayan kowa ba." Kada ka ƙara bayani, kada ka tura masa hoton fasfo ɗinka, kada kuma ka goge saƙonnin da ya turo maka.

Idan har ya riga ya ba da adireshinka, kada ka karɓi kwalin, kada ka sa hannu, ka ga lauya kafin ya iso. In kuma an tsare ka, ka nemi lauya da tafinta, ka ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku, wannan sanarwar haƙƙinka ce a ƙarƙashin yarjejeniyar Biyana ta 1963. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba.

Ka sake rubuto mini bayan kun yi magana, ina so in ji yadda kuka rabu.