An Kai Ni Kotu Kan Bashi, Kuma An Ƙara Kuɗin: Yaya Zan Kare Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na karɓi yadi na naira 1,800,000 bashi a hannun wani dila. Na tura masa 700,000 ta banki, na kuma ba yaron shagonsa 400,000 a hannu, ba rasit. Saura 700,000. Yanzu an kawo mini sammaci daga kotun majistare, yana neman 1,400,000. Ya ce kuɗin hannun ba su iso shi ba, ya kuma ɗora 300,000 na jinkiri. Abokaina sun ce in ƙi zuwa, ko in musanta bashin gaba ɗaya. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yaye maka. Shawarwarin nan biyu duka za su cuce ka.

Idan ka ƙi zuwa, kotu ba za ta jira ka ba. Da zarar alƙali ya gamsu sammaci ya iso ka, ko da liƙa shi aka yi a ƙofar gidanka da izinin kotu, zai saurari mai ƙara shi kaɗai, ya yanke hukunci a bayan idonka a kan 1,400,000 ɗin. Ana iya neman a soke irin wannan hukunci, amma sai ka kawo uzuri mai ƙarfi da wuri, ka kuma nuna kana da kariya ta gaske. Sa hannu a kan sammaci kuwa ba amsa bashi ba ne, shaida ce kawai cewa takarda ta shiga hannunka.

Ka karanta takardar da kyau yau: wace kotu ce, wace rana, kwana nawa aka ba ka ka mayar da amsa. Idan kotun ƙananan basussuka ce, wadda Kano ta buɗe a 2019 a ƙarƙashin majistarori, lokacin gajere ne ƙwarai, bai wuce mako guda ba, kuma an tsara a kammala shari'ar cikin kwana 60. Akwai fom na mayar da amsa a wurin magatakardan kotu, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya.

Musanta komai kuma shi ne babban kuskuren da ake yi. Ka riga ka tura 700,000 ta banki, to kuɗin mene ne in babu ciniki a tsakaninku? Da zarar an kama ka da ƙarya a nan, alƙali ba zai ƙara yarda da kai ba a kan 400,000 ɗin da kake da gaskiya a kansu, bayan haƙƙin mutum da ka ɗora wa kanka. Abin da zai fisshe ka shi ne ka raba da'awar gida uku a cikin amsarka.

Kashi na farko, 700,000 da ka san ana bin ka. Ka amsa su a rubuce, ka roƙi kotu ta ba ka damar biya kaɗan-kaɗan. Ka faɗi adadin da za ka iya kowane wata, ba wanda zai faranta wa mai ƙara rai ba, domin in ka saɓa sau ɗaya yana iya neman ragowar a dunƙule.

Kashi na biyu, 400,000, a nan shari'ar take. Ƙa'idar sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ita ce wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja. Mutane da yawa suna jin haka sai su miƙe ƙafa, su ce ai nauyin yana kan mai ƙara. Amma tunda ka amsa ka karɓi kaya, kuma kai ne kake cewa ka biya, nauyin tabbatar da biyan ya dawo kanka. Don haka ka tattara duk abin da ya kewaye ranar. Ka karɓo bayanan asusunka daga banki da hatiminsu, musamman idan sun nuna ka cire kuɗin a ranar ko a wurin mai POS. Ka duba saƙonnin WhatsApp da na murya, ko akwai inda dilan ya ambaci ragowar 700,000, ko inda ka ce masa ka ba yaro bai musa ba. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar, domin sashe na 84 na dokar yana buƙatar bayani a kan na'urar da saƙon ya fito daga cikinta. Ka nemo wanda yake wurin lokacin da aka ƙirga kuɗin. Ka roƙi kotu ta kira yaron shagon, a kuma kawo littafin da suke rubuta bashi. Idan aka tabbatar yaron ya saba karɓar kuɗi a madadin ubangidansa, to biyan da aka yi masa biya ne ga ubangidan, abin da ya faru da kuɗin bayan nan tsakaninsu ne.

Da a kotun shari'ar Musulunci aka kai ka, tsarin ya fi wannan fayyacewa: shaidu biyu maza, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko kuma a mazhabar Malikiyya shaida ɗaya tare da rantsuwarka, tunda maganar dukiya ce. In babu shaida ko ɗaya, mai ƙara zai rantse bai karɓa ba, ya ci.

Kashi na uku ya fi sauƙi. Ba a ɗora wa mutum kuɗin jinkiri don mai bin bashi ya ga dama. Sai ya nuna kun yi yarjejeniya a kai tun farko, ko al'adar cinikin ce sananniya. Ka musanta 300,000 ɗin a fili, ka nemi ya kawo inda ka amince. A kotun Musulunci ma riba ce, ba za a saurare ta ba.

Ina ba ka shawara ka nemi sulhu tun kafin zaman farko, ta hannun shugabannin kasuwa ko zauren sulhu na babbar kotun Kano. Amma kada ku tsaya a baki. A rubuta adadi da ranakun biya, ku sa hannu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci. Kuma daga yau kada ka ƙara ba kowa ko sisi a hannu.

Idan aka yi maka barazana da 'yan sanda, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Abin da zai mayar da maganar laifi shi ne ka rubuta cek alhali babu kuɗi a asusun, dokar hana ba da cek mara kuɗi ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kan haka. Kada ka bayar da cek don a rabu da kai.

In hukunci ya faɗa kanka, mai ƙara yana iya sa kotu ta riƙe kuɗin asusunka na banki, ko a kwashe kayanka a yi gwanjonsu. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da wannan, sai ka shigar da roƙo na daban a tsayar da zartarwa. A kotun ƙananan basussuka kwana 14 kake da su na ɗaukaka ƙara. In ba ka da halin ɗaukar lauya, ka je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya da ke Kano da sammacin da bayanan bankinka, su duba ko ka cika sharuɗɗansu.