Amsa: rabon gādo tsakanin miji da mata a Gwandu ta dā

Malama, kin tambaya ko kakanninmu mata na cin gādon mazansu. Suna ci. Bayan jihadin 1804, alƙalan Gwandu da fiƙihun Malikiyya suke hukunci: a biya bashi, a fitar da wasiyya, sannan mata ta ɗauki tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) idan mamacin ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i (kashi ɗaya cikin huɗu) idan babu. Ko su huɗu ne, wannan kason suke rabawa. Miji kuwa rabi ko rubu'i yake samu.

Sadakinta, awakinta da kuɗin saƙarta nata ne, ba a zuba su cikin gādon miji. Inda abin ke min ciwo shi ne gona: a ƙauyuka da yawa 'yan'uwan miji kan riƙe gandu, su hana ta kasonta.