Tambayoyinku kan aikin tsara fasahar kamfanoni

Tambaya daga wani matashi a Kano: Malam, wace kwamfuta zan saya in zama mai tsara fasahar kamfani, MacBook ko HP?

Amsa: Wadda ke hannunka ta isa. Rabin wannan aiki, wato tsara yadda kwamfutoci da manhajojin kamfani za su yi aiki tare, da biro da takarda ake yin sa. Ka bar kuɗin ka riƙa sayen data.

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Ɗana ya ce wani zai samo masa takardar shaidar AWS (sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet) ba tare da jarrabawa ba. Na haɗa kuɗin, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya. Kada ki ba da ko kwabo. Jarrabawar AWS ta masu tsara fasaha dala 150 ce a matakin farko, ta ƙwararru dala 300, ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake rubuta ta, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta takardar. Mai ɗaukar aiki yana iya duba sahihancinta a intanet cikin minti ɗaya, to ta jabu ina za ta kai shi?

Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne masu sayar wa yara tambayoyin sata su haddace. Yaro ya ci jarrabawa, a zaunar da shi a ce zana mana tsarin da zai ɗauki albashin ma'aikata, sai gumi. Gwani da tambaya yake farawa: idan wannan ɓangare na tsarin ya mutu fa? Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka tsaya da waya a hannu sun kasa tura kuɗi. Irin wannan ranar ce gwani ke tanada wa hanya ta biyu tun kafin ta zo. Yana lissafa abin da tsari zai ci duk wata, yana yi wa manaja bayani ba da turancin injiniyoyi ba, kuma yana iya cewa a'a idan an kawo sabon yayi marar amfani. Hajiya, ki biya wa ɗanki jarrabawar gaske, bayan ya gina wani abu da hannunsa.

Tambaya daga Yamai: In fara da TOGAF?

Amsa: A'a. TOGAF kundin ƙa'idojin tsara fasahar kamfanoni ne na ƙungiyar The Open Group, an fara fitar da shi a 1995, kuma ya fi amfanar wanda ya daɗe yana aiki a babban kamfani. Ka fara rubuta manhaja da kula da saba (kwamfutar da manhajoji ke gudana a kanta) tukuna.